Ticha Natan da Zoben Roba

Duk wanda ya zauna a Angwan Lambu ta Keffi ya ce bai san Ticha Natan ba, to bai taɓa yar da komai a bola ba ke nan. Don da ya yar, da Ticha ya biyo shi har ƙofar ɗaki da abin a hannu, yana tambaya cikin ladabi, "Maƙwabci, wannan kuwa da gaske ka gama da shi?"

Ɗan garin Panda ne, can aka yanke masa cibiya, kuma masu tsegumi sun ce da an ba shi ajiyarta da yanzu tana nan cikin gwangwanin madara. Ubansa manomin doya ne mai 'ya'ya rututu. Wandon makarantar da Natan ya fara sawa, yayyensa sun riga sun koya wa wandon karatu, har ya fi shi sanin hanyar aji. Yaron da ya tashi haka ba a ganin laifinsa in ya riƙe abu da kyau. Matsalar Natan ita ce, wadata ta zo daidai gwargwado, amma hannun ya ƙi sakewa.

Ya yi koyarwar kimiyya a ƙaramar sakandare, ya fara daga Gitata, aka kai shi Agwada, daga baya ya dawo Keffi ya yi ritaya. A duk inda ya zauna, guntayen allin da sauran malamai ke zubarwa shi yake bi yana tsincewa, ya daka, ya kwaɓa, ya mulmula sabo. A gida kuwa, igiyar shanyarsa abin kallo ce: ga ledojin da aka wanke suna kaɗawa, ga ganyen shayin jiya an maƙale shi yana shan rana, yana jiran aikin gobe. Matarsa Judit, mai kunun zaƙi a bakin tasha, mace ce da bakinta ba ya hutun Lahadi. Takan ce, "Ni dai na gode wa Allah, na auri mijin da ba zai taɓa saki na ba. Mutumin da bai iya rabuwa da tsohon burushi ba?"

Amma fa kowane mai maƙo yana da inda yake ɓarna, shi kuwa Natan a sama yake yin tasa. Tun yana saurayi roka ta shiga ransa. Kowane aji ya shiga, sai ya zana ta a allo, da wutsiyar wuta da komai. Ya hura balan-balan ya saki, ta bi ɗaki tana tusa, yara na dariya, shi kuma yana cewa, "Kun gani? Abin da ta tura baya, shi ya tura ta gaba." Sai ya bi ƙarƙashin benci ya ɗauko balan-balan ɗinsa, don ta baɗi ce. In yaro ya ce, "Ticha, ka taɓa ganin ta gaske?" sai ya ce, "Wata rana za mu gani tare." Ya faɗa wa iyaye, ya faɗa wa 'ya'yansu. Har ya ajiye alli, watan ranar bai tsaya ba.

Autarsa Anjelina ce ta ɗauki ciwon. Tana aiki a Abuja, ta shiga wani kulob na masu harba 'yan ƙananan rokoki don sha'awa, da izininsu da ƙa'idojinsu. Wata Asabar ta sauka da dogon kwali. Ta fito da roka mai tsawon taɓarya, jikinta kwali ne mai tauri, an yi mata jan fenti. Natan ya shafa ta kamar jaririya. Sai ya ce, "Injin fa?"

"Iri biyu ne, Baba. Akwai wanda in ya tashi sau ɗaya, shi ke nan, sai a cire a yar."

Natan ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. "A yar? Inji ɗungurungum? Mai da kayanki."

Anjelina ta san ubanta sarai, da gangan ta fara da wancan. Ta zaro wani bututun alminiyam, tsawonsa bai fi tafin hannu da yatsu ba, da murfi mai murɗawa sama da ƙasa. "Wannan kuwa kwanso ne. Ba ya ƙonewa. A zuba, a harba, a wanke, a sake zubawa."

Kai jama'a, ranar aurensa ma fuskar Natan ba ta yi wannan hasken ba.

Judit ta leƙo daga kicin. "Wato tukunyar gas ce ta masu neman fitina."

"Kusan haka ne, Mama." Anjelina ta zazzage wata leda a kan tebur. Ta ce wannan ita ce zubi ɗaya, haka ake sayenta a haɗe daga kamfani, ba wanda ke kwaɓa komai a gida, sai mai neman rasa yatsu. Makamashin daskararre ne, gunduwa-gunduwa kamar gaɓar rake, kowace da rami a tsakiya, don wuta ta ci daga ciki zuwa waje. Ana jera su cikin wani bututun kwali mai jure zafi, wato 'yar cikin da ke hana wuta lasar alminiyam. A ƙasa akwai wani baƙin maƙogwaro mai ƙanƙanin rami. Duk hayaƙin da ya taru ta nan kaɗai zai fita, a matse, a fusace, shi ya sa yake da ƙarfin ɗaga roka. A sama kuma akwai wani ɗan gutsure mai ci a hankali kamar maganin sauro na kunnawa. Shi yake jira sai roka ta gama hawa, sannan ya kai wuta ga ɗan albarushin da zai tunkuɗo laima, a sauko lafiya.

"Wannan fa?" Natan ya ɗaga wasu baƙaƙen zobban roba, sirara, kamar warwaron 'yar tsana.

"Su ne masu gadi. Suna zama tsakanin murfi da kayan ciki, a shafa musu giris kaɗan, su toshe duk wata kafa. In ba su, wuta za ta nemi wata ƙofar."

Judit ta ce, "Kamar bakina ke nan."

Harbin farko a filin kulob aka yi, Natan ya haɗa injin da hannunsa, 'yar tana tsaye a kansa. Da roka ta tashi, tsohon ya tsaya baki buɗe, hawaye na bin kumatu. Ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido, alhali iska can gefe ta kai hayaƙin.

Da kwanso ya huce, Anjelina ta kwance shi, ta zazzage ƙonannen kwali da maƙogwaro da sauran tarkace cikin kwandon shara. Ta juya ke nan, ta waiwayo ta ga hannun ubanta cikin kwando har gwiwa.

"Baba!"

"Zobban nan lafiyarsu lau. Dubi, ko ƙwarzane babu."

"Sau ɗaya ake aiki da su. Wuta ta gasa su, murfi ya danne su, ba sa komawa yadda suke. Shi ya sa kowane zubi yake zuwa da nasa sababbi. In hayaƙi ya samu kafa ko kamar ta allura, zai huda alminiyam ɗin nan kamar wuƙa cikin gwanda. Kuma Baba, kwanson nan shi ke nan gare mu. Na daɗe ina jira kafin ya iso. In ya ƙone, sai dai ka koma balan-balan."

Natan ya ce, "To."

Ita yarinya ce, ta ɗauka "to" ɗin nan amsa ce. Da ta tambayi uwarta, da an gaya mata cewa Natan yana da "to" kala-kala, kuma wannan ita ce wadda ke nufin, na ji da kunne amma aljihu bai ji ba.

Daga ranar ba shi da zance sai na Gitata. Can ya fara yi wa yara alkawari, can yake so ya fara cikawa. Ya je ya ga shugabar makaranta, ya je wajen mai gari, aka sanar da hukuma. Aka zaɓi lokacin da ruwa ya sauka ciyawa ta yi ɗanye, don kada tartsatsi ya kama daji. Filin da ya dace kuwa makiyaya ce, kusa da rugar wani Bafulatani mai suna Ɓoɗejo, wanda 'ya'yansa ke wannan makarantar, kuma ya san Natan tun yana sabon malami mai keke.

Natan ya same shi a gindin ɗorawa, ya roƙe shi ya kora shanu nesa ranar Asabar, don ƙarar za ta firgita su.

Ɓoɗejo ya dube shi sama da ƙasa. "Ticha, kai da ba ka sayen nono sai an yi maka gyara sau biyu, kai ne za ka cinna wa abu wuta da gangan ya tafi sama?"

"Zai dawo ai."

"Yawwa, yanzu na ji batu. Na san in ba zai dawo ba, ba za ka sake shi ba."

Ranar Asabar da safe Anjelina ta bugo waya, cunkoson Mararraba ya riƙe ta. Ta ce ya haɗa injin kafin ta iso, ai ya iya, ita ce ke riƙe da wayar wutar da ke kunna injin da makullin akwatin harbawa, ba abin da zai tashi sai ta zo. Natan ya share tebur, ya wanke hannu, ya jera kaya. Ya zura gunduwoyin cikin bututun kwali, ya zura kwalin cikin kwanso, ya daidaita maƙogwaro. Sai aka zo kan zobba.

Ga sababbi cikin 'yar ledarsu, ko buɗewa ba a yi ba. Ga kuma tsofaffi, waɗanda ya wanke da sabulu tun tuni, ya shanya a inuwa, ya adana a gwangwani. Ya jera su gefe da gefe. Ya sa tabarau, ya cire tabarau. Allah na tuba, ko uwar da ta haife su ba za ta bambance su ba. Zuciyarsa ta ce, Natan, kamfani fa ciniki yake nema. Haka suka ce a yar da reza bayan aski ɗaya, kai kuwa taka ta ga Kirsimeti nawa? Ya shafa wa tsofaffin giris har suna ƙyalli, ya zaunar da su, ya murɗa murfi. Sababbin ya sa a aljihun riga, na gaba, don gobe ma rana ce.

Kafin rana ta yi zafi filin Gitata ya cika. 'Yan makaranta an jera su bayan igiya, nesa da inda za a kafa roka. Tsofaffin ɗalibansa sun ji labari sun zo, wani da babur ɗin haya, wata da goyo, wani har ya zama fasto da tumbinsa. Matan ruga sun sauke ƙoren nono sun tsaya kallo. Ɓoɗejo ya ratayo sanda a kafaɗa. Judit kuwa da ta ce ba ruwanta da wasan yara, ita ce ta riga kowa shiga mota, da jarkar kununta, wai kada taro ya tashi a banza.

Anjelina ta iso tana haki. Ta karɓi injin ta juya shi.

"Giris?"

"An shafa."

"Murfi ya zauna?"

"Daram."

"Zobba?"

"Zobba na ciki."

Ba ƙarya ya yi ba. Gaskiyar ce dai ya yi mata irin wankin da yake yi wa leda.

Ta ɗaure injin a gindin roka, ta zura rokar a dogon ƙarfen da zai miƙar da ita. Ta cusa 'yar wayar kunnawa ta cikin maƙogwaro, ta ja doguwar waya har inda batir yake. Ta duba sama ba jirgi, ta duba fili ba akuya. Sannan ta sa makulli, ta miƙa wa ubanta akwatin da madannin yake. "Baba, naka ne."

Yara suka fara ƙirga da ƙarfi, daga goma suna sauka. Natan ya rungume akwatin a ƙirji, sai ledar da ke aljihunsa ta yi ƙaras. Ƙaramar ƙara ce, ba wanda ya ji sai shi. Ya dubi jar rokar can a tsaye. Ya dubi yaran, idanu waje, wasu sun toshe kunne suna dariya. Ya tuna wuƙa cikin gwanda. In kwanson nan ya huje, ba sauran zuwa Agwada, ba Panda, ba Keffi, kuma abin da yaran nan za su tafi da shi gida shi ne ranar da rokar Ticha ta yi tusa ta faɗi. Duk don zoben da ko ƙwai ɗaya ba zai saya ba.

Ƙirga ta kusa ƙarewa ya ɗaga hannu. "Ku dakata!"

Ƙirga ta tsaya. Muryar Judit ce ta fara ratsowa daga bayan igiya. "Baban Anjelina, me ka aikata? Na san fuskar nan. Ita ka yi ranar da ka ba Fasto shayin shekaranjiya."

Faston da ke wurin ya ce, "Mama, ni ne kuwa?"

"Kai ka sani, ɗana. Ka dai rayu."

Natan ya ajiye akwatin. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro ledar, ya ɗaga ta. Anjelina ta dubi ledar, ta dubi ubanta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zare makulli ta rataya a wuya, ta cire wayar batir, ta ɗan jira, sannan ta taka ta zare wayar kunnawa, ta sauko da rokar. Ta aza a kan bencin da aka kawo wa manyan baƙi.

"Kai ka ɗaura, Baba. Kai za ka kwance."

Ɓoɗejo ya ce, "Ticha, tun asuba na kora shanuna har bayan rafi. Ashe roba ka tara mu mu gani?"

Aka kwashe da dariya. Natan ya murɗe murfi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya zaro tsohon zoben. A ido lafiya lau. Anjelina ta karɓa, ta goge giris ɗin da gefen gyalenta, ta lanƙwasa shi tsakanin yatsu biyu, ta kai masa daf da tabarau. Sai ga wata 'yar tsaga ta buɗe baki, sirit kamar gashin gira. Gefe ɗaya kuma ya kwanta ya yi fale-fale.

"Ta nan za ta fita," in ji ta, a hankali.

Wani tsohon da aka kunyata a gaban jama'a zai nemi inda zai ɓuya. Amma malami malami ne, ko a bakin kabari ya ga allo sai ya yi rubutu. Natan ya goge gumi, ya karɓi zoben, ya nufi igiyar yara.

"Kowa ya lanƙwasa ya gani, ya miƙa wa na kusa. Me kuka gani?"

"Ya tsage, Ticha!"

"Da ban lanƙwasa ba fa?"

"Ba a gani!"

"To wa ya sa shi cikin injin?"

Yara suka dubi juna, suna jin nauyi. Judit ta taimake su. "Ku faɗa mana, ba zai cinye ku ba. Ko ya cinye ku, ajiye ku zai yi."

"Kai ne, Ticha!"

"Ni ne. A injin nan akwai abin da aka yi don ya daɗe, akwai abin da aka yi don ya ƙone a madadinsa. Na san na farkon tun kafin a haifi iyayenku. Na biyun yau nake koyo."

Ya dawo benci ya yage ledar da haƙori. Ya shafa wa sababbin giris, ya zaunar da su, ya murɗa murfi, wannan karon Anjelina na duba kowane motsi, shi kuma bai ce ta cika sa ido ba. Aka mai da roka, aka mai da waya, aka sa makulli. Yara suka sake ƙirga, har da matan ruga da ba a gayyata cikin ƙirgar ba. Natan ya danna.

Ɗan shiru, kamar abin ya ƙi. Sai wani farin haske ya tartso a gindi, sai ƙara kamar an yage sabon yadi a cikin kunne. Kafin a ɗaga kai ta wuce ɗorawa, ta wuce shaho, ta bar farin zare a miƙe. Wata mai goyo ta ce "Yesu!", wata mai nono ta yi salati, duk a numfashi ɗaya. Ƙarar ta ɗauke, rokar na ci gaba da hawa ita kaɗai, ta zama ɗigo. Natan ya san yanzu ɗan gutsuren nan ne ke ci a hankali can sama, ba mai iya gaggauta shi. Ɗigon ya tsaya, ya karkata, ya fara sunkuyo da kai. Anjelina ta kama hannun ubanta ta matse.

Sai ɓus, ɗan hayaƙi, laima ta buɗe, mai launin ruwan lemo, tana lilo.

Ihun da aka yi, shanun da ke bayan rafi ma sai da suka ɗaga kai. Iska ta ja laimar sannu sannu ta sauke ta a bayan rugar Ɓoɗejo. Shi da kansa ya ɗauko, ya riƙo ta nesa da jiki kamar mai ɗauke da ɗan wani da ya yi kashi. "Ga amanarka, Ticha. Ta dawo. In za ka sake, ka faɗa mini da wuri, tsohuwata ta ce ita ma a gaba za ta zauna."

Natan ya jira kwanso ya huce, ya kwance, ya zazzage toka. Ya ɗaga bututun ya leƙa ta ciki, rana ta ratso, sumul, ko tabo babu. Shugabar makaranta na tambayar yaushe za a dawo, faston na cewa sai an kai Agwada, Anjelina na cewa a bi a hankali, zubi ba ya tsirowa a gona.

Cikin tokar ga zobban da suka yi aikin yau, baƙaƙe, zagaye, kamar ba abin da ya same su. Natan ya tsince su. Ya daɗe yana kallo. Hannun ya fara hanyar aljihu da kansa, ya tsayar da shi a rabi.

"Maman Anjelina, kina da reza?"

"Wadda nake yanka ledar ƙanƙara."

Ya zuba mata su a tafin hannu, ya haɗa da tsofaffin da ya cire ɗazu, ya juya baya ya fuskanci rafi. "Yanka su. Ƙanana. Kada ki gaya mini in kin fara."

Judit ta yanka, tana yi tana ƙyaƙyata dariya har da hawaye. Da ta gama ta watsa cikin ledar shara ta ƙulle.

Natan bai juyo ba ya ce, "Ledar fa? Ai ita lafiyarta..."

"Ɓoɗejo," in ji Judit, "ara mini sandar nan."